Tagar Da Baba Ya Buga Wa Ƙusa

Ranar da ya fara ganinta yana bisa tsani ne, ƙusa a baki, guduma a hannu. An kira shi wani ƙaramin asibiti ya ɓamɓare tagogin ɗakin jira da fenti ya liƙe. Ɗakin cike yake, wannan na tari, wancan na atishawa.

"Malam kafinta, in ka gama wannan ka koma wancan bangon," in ji wata murya daga ƙasa.

Ya leƙo. Nas ce cikin fararen kaya, takunkumi ya rufe mata fuska, idanu kawai ake gani. Idanun nan suka sa ya kusa haɗiye ƙusar.

"Ai guda ɗaya ta isa, Malama Nas."

"Ba ta isa ba. Mai mura in ya yi numfashi, ƙwayar cutar takan tsaya a cikin iskar ɗaki, kamar hayaƙin da ido ba ya gani. In ko'ina a rufe yake, kowa sai ya shaƙi rabonsa. Ka buɗe nan, ka buɗe can, iska ta shigo ta kwashe ta fita."

Shi bai yi nisa a makaranta ba, amma maganar ta zauna masa daram.

Aiki ya ƙare, zuwa bai ƙare ba. Yau ya zo duba sakata, gobe ya zo sa mai a hinji.

"Tagar nan lafiyarta ƙalau," ta ce masa rannan tana dariya. "Kai ne dai ya kamata a auna."

"To auna ni mana, Likitata."

Daga nan waya ta karɓi sauran aikin.

"Likitata, na buɗe tagar shago gaba da baya. Garin katako duk ya cika min ido, amma na bi umarni."

"Sannu Mai Guduma. Allah Ya bar min kai, da kai da jajayen idanunka."

Da magana ta yi nisa, ta ce ya zo ya gaida mahaifinta. Baba tsohon direba ne, yana zaune da ita da ƙanwarsa, Gwaggo, tun bayan rasuwar mahaifiyarta. Ta gaya masa rigar da zai sa da yadda zai zauna. Abu ɗaya ta manta ba ta gaya masa ba.

Ya tarar Baba na fama da mura, 'yan dubiya sun cika falo. Iskar ɗakin ta yi nauyi. Ya ɗaga kai ya ga taga guda ce, ita ma an buge ta da ƙusoshi, kawunansu har sun yi tsatsa. Da Baba ya tashi raka baƙi, sai hannun kafinta ya tafi aljihu da kansa. Bai taɓa fita babu filaya ba. Ya ce a ransa, bari in yi wa surukina ɗan alheri. Ya zare ƙusoshin, ya buɗe tagar.

Baba ya dawo ya tarar da labule na kaɗawa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon tagar, har kafinta ya ji murmushinsa ya bushe.

"Wa ya sa ka?"

"Baba, gani na yi..."

"Tashi ka bar min gida."

Yana hanya saƙonta ya shigo.

"Laifina ne. A gindin tagar nan Mama take zama tana saƙa. Wata damina ta kwanta ciwon ƙirji, ba ta tashi ba. Baba ya ce iskar tagar ce ta buge ta. Da hannunsa ya buga ƙusoshin. Na yi bayani har na gaji, ba ya son ji."

Ya sa hannu a aljihu ya ji ƙusoshin na nan. Ya rasa inda zai sa kansa.

Ana cikin haka ɗan abokin Baba ya kunno kai. Na'urar sanyaya ɗaki yake sayarwa, ga mota ga ƙamshin turare, kuma ya daɗe yana ra'ayin Nas. Ya kafa wa Baba guda a falo, ya toshe duk wata 'yar kafa. Baba ya ce ga yaron da ya san darajar gidan mutane.

Kafinta ya yi ta maza ya zo ba da haƙuri. Daga bakin titi ya hango mai na'ura bisa tsani, Nas na riƙe masa. Ya tuna yadda ya fara ganinta, shi ma daga bisa tsani. Ya juya ba tare da ya yi sallama ba.

"Likitata, na ga an samu sabon mai hawa tsani. Allah Ya sa alheri."

Shiru. Ya sake turawa, shiru. Ya koma shago yana feƙe katako har ya wuce awo.

Rannan da hantsi sai ga wata dattijuwa a ƙofar shago, murya a shaƙe.

"Kai ne ja'irin da ya cire ƙusa?"

"Ni ne, Gwaggo." Ya durƙusa.

"To kana nan kana kumbura kamar an ƙwace maka goro, yarinya na can kwance ko waya ba ta iya ɗauka. Mura ta bi mu ɗaya bayan ɗaya. Tsanin da ka gani ni na ce ta riƙe, kada ɗan mutane ya karye mana a gida. Shi ma mai na'urar ya kwashi murar. Da bakinsa ya ce na'urar sanyi kawai take sa wa iskar ɗaki, ba ta kawo sabuwa. Yayana kuwa tari ya hana shi sakat, amma ka ce taga, ya ce ka fita."

Kafinta ya daɗe yana kallon wani guntun katako. Washegari ya sa takunkumi ya nufi gidan. Bai shiga falon ba, a bakin ƙofa ya tsuguna, ya shimfiɗa tsofaffin ƙusoshin a kan tabarma.

"Baba, ga kayanka. Na taɓa abin da ban san nauyinsa ba. In ka yarda, ni zan mayar da su, kowace a raminta."

Baba ya dubi ƙusoshin ya yi tari.

"Sai kuma roƙo ɗaya. Ka bar ni in huda 'yar kafa can sama kusa da silin, ɗaya a wannan bango, ɗaya a wancan. Zan sa raga saboda sauro, in jera katako a karkace saboda ruwa."

"Iskar ba za ta bugi mutum ba?"

"Ta saman kai za ta bi, Baba. Ba don ni ba. Don wadda ke kwance a ciki."

Daga ɗaki aka jiyo tarin Nas. Baba ya juya wajen, ya daɗe bai juyo ba.

"Fara da ƙusoshin," ya ce.

Ya mayar da su a hankali, yana buga gudumar kamar mai tsoron tada barci. Sannan ya hau tsani. Da yamma Gwaggo ta ɗaga ɗan zare kusa da kafar, zaren ya yi rawa, ta ce, "Lallai ja'irin nan ya iya."

Magani da hutu suka yi aikinsu, gida ya miƙe. Saƙon farko da Nas ta rubuta nasa ne.

"Mai Guduma sarkin kishi. Ina kwance ina kallon aikinka, ina jin kamar kai ne kake min fifita."

"Likitata, ki yafe. Daga yau ko tsanin wa kika riƙe, sai na tambaya kafin in yi fushi."

Baba kuwa ya fara neman dalili. Yau ƙafar kujera na rawa, gobe ƙofar kicin na kuka. Rannan kafinta na ɗaure kujerar, Baba ya ce ba tare da ya dube shi ba, "Kujerun gidan nan sun kusa ƙarewa. Ka turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure falo ya cika maƙil, har mai na'ura ya zo ya yi wa ango murna. Wani dattijo a lungu ya saki atishawa, amarya ta dubi ango, ango ya dubi silin. Baba ya gan su. Ya yafito ango.

"Filayar na aljihu?"

"Haba Baba, ranar aure?"

"Kai da ka zo gaisuwar suruki da ita?"

Ango ya sunkuyar da kai, ya zaro ta daga aljihun sabuwar riga. Gwaggo ta yi dariya har da hawaye.

Baba ya nuna tagar. "Cire. Wannan karon ni na sa ka. Uwarta ba ta taɓa son ɗaki a rufe ba, ni ne na kasa."

Ƙusoshin suka fito ɗaya bayan ɗaya. Baba ya karɓe su ya zuba a aljihunsa, ya tura tagar da hannunsa. Labule ya ɗaga. Ya jawo kujera ya zauna daidai inda matarsa take zama, ya kama hannun 'yarsa ya ɗora a na kafinta.

"Allah Ya ba ku lafiya da zaman lafiya. Allah Ya sa ku tsufa tare, Ya ba ku zuri'a mai albarka."

Falo ya amsa da amin. Amarya ta share ido, ta matso kusa da kunnen ango.

"Mai Guduma, ɗakinmu taga nawa ka yi masa?"

"Gaba da baya, Likitata. Ai na bi umarni."