Ƙosai a Randar Baba

Rana ce ta koro Na'ima cikin wani shago a Sauka Kahuta, sai ta tarar da jajayen kifaye suna yawo a akwatin gilashi, wani da ƙullutu a ka kamar hula, wani cikinsa dundurum.

"Ana cin su kuwa?" ta tambaya.

"Kallon su ake yi," in ji Mujahid mai shagon. Shi kuwa ba kifin yake kallo ba.

Daga ranar ita ce Gimbiya, shi ne Jarumi, waya kuwa ba ta hutawa.

Amma fa akwai Baba. Malam Suleiman, mahaifin Na'ima, ya tsufa yana saro busasshen kifi a kasuwar Gwada, kuma zuciyarsa na kan ya ba da ita ga Sadiq, ɗan amininsa mai shagon siminti. Ran da Mujahid ya aiko da akwati da kifi biyu, Baba ya ƙare musu kallo ya taɓe baki.

"Kifin da ba a ci, kuma ba ya daɗewa a duniya, a kansa zan ba da 'yata? A ajiye su a falo. In manyansa sun zo sun tarar da su da rai, zan saurare su. In sun mutu, magana ta mutu."

Tun daga nan tsoro ya hana Na'ima sakat. Ta raɗa musu suna Mai Hula da Ƙosai. Abinci kaɗan-kaɗan, ruwa a rage a ƙara a hankali. In aka ɗauke wuta injin da ke hura musu iska ya tsaya, ba ta barin gaban akwatin har wutar ta dawo.

Ranar zuwan manya aka tashi da share-share da goge-goge. Na'ima ta ga gansakuka a jikin gilashin, ta ji kunyar baƙi su gani. Sai ta kwashe kifayen, ta wanke akwatin da tsakuwa da soson tace ruwa tas da omo, ta cika shi da ruwan famfon da aka kawo da safen, yana ta warin magani.

Kafin ta gama kwalliya, Mai Hula ya taso sama yana buɗe baki. Ƙosai ya kwanta a gefe ɗaya.

Ta rubuta wa Mujahid a waya: "Jarumi, na kashe mu. Na wanke akwatin da omo, na sa ruwan famfo. Ƙosai ya kwanta."

"Gimbiya, cire su yanzu. Ki nemi ruwan da ya kwana, wanda sabulu bai taɓa ba. Ina tafe da su Kawu, amma kin san a waje zan tsaya."

Ta duba gidan. Kowace roba ta sha omo, kowane duro sabon ruwa ne. Randar Baba kaɗai ta rage, wadda ba mai taɓawa sai shi. Ta rufe ido ta zuba su ciki.

Tana tsugune sai inuwar Baba ta rufe ta. Ya leƙa randar, ya dubi 'yarsa, kwalli ya zubo mata har haɓa. Wayar ta yi ƙara.

"Karanta in ji," ya ce.

Ta karanta saƙon Mujahid: "Ko sun mutu ba laifinki ba ne, ni ne ban gaya miki ba. Haka zan sa a faɗa wa Baba. Ki daina kuka, don Allah."

Baba ya sake leƙa randar. Can ya ɗauki moɗa, ya ɗebi ruwan ya tsiyayo daga sama, ya sake, ya sake.

"Iska yake nema," ya ce. "Matsa."

Aka yi sallama a ƙofar gida, bai ko ɗaga kai ba. Ya ci gaba da tsiyaya har Ƙosai ya kaɗa wutsiya, ya miƙe da ƙyar.

Ba a falo aka karɓi manyan Mujahid ba, bakin randa Baba ya kai su.

"Ku leƙa. Da rai suke?"

"Da rai, Malam," in ji babban kawun.

"To, na ba shi. Allah Ya sanya albarka, Ya ba su zaman lafiya."

Ranar kai amarya, ana ɗora kayan ɗaki a mota, Na'ima ta nufi akwatin gilashin. Baba ya tare ta.

"Mijinki na da su cike da shago. Ƙosai nawa ne. Tafi, Allah Ya yi miki albarka."