Shirun da Rariya Ta Tace

Na'urar da ake kira Rariya ta fara aiki da ƙarfe bakwai na safe kamar kullum. Hannunta na ƙarfe ya zaro tsohon faifai daga kantar ajiya, ya kwantar da shi, wani siririn haske ya bi layukansa yana karanta sautin. Cikin daƙiƙa tara ta gama. Ta cire ƙarar ƙura, ta daidaita duk inda makaɗi ya yi sauri ko ya yi nawa, ta adana tataccen kiɗan a ƙwaƙwalwarta. Faifan kuwa ya bi bel zuwa tukunyar narkarwa, inda ake mayar da irinsa bulon gini.

A shekarar 2131 Rumbun Sauti na Sabuwar Zariya ya cika maƙil. Tun da teku ta cinye biranen gaɓa ake jibgo faya-fayan duniya a nan, hawa goma sha biyu a ƙarƙashin ƙasa, don iskar wurin busasshiya ce. Doka ta ce ba a narkar da faifai sai ɗan Adam ya saurara ya dangwala yatsa. Amma faifai dubu uku a rana, wa ke da wannan kunnen? Sai ma'aikata suka ɓullo da abin da suke kira dangwalen Litinin: ka dangwala wa kantar mako guda gaba ɗaya, ka sha shayinka cikin kwanciyar hankali. Kowa ya sani, har Darakta.

Malama Tasalla ta shekara talatin da ɗaya a rumbun. Gwiwa ta gaji, kunne ya gaji, ita kanta ba ta tuna ranar da ta saurari wani abu don daɗi ba.

Ranar Laraba bel ya tsinke, Rariya ta tsaya. Zaman banza ya ishi Tasalla, ta miƙa hannu ta zaro faifan da ke kusa, ta ɗora a kan tsohuwar na'ura mai allura da ke kusurwa. A jikin kwalin an rubuta Matiyas Horvel, wani malamin kiɗa na ƙaramin gari a Turai, ya rasu a 1911 ba wanda ya san da shi. Mutum uku ne suka kaɗa abin da ya rubuta, shekaru sittin bayan mutuwarsa: mai piyano, mai goge, da mai babban goge, wanda muryarsa ke kama da ta dattijo.

Da farko ba ta ji komai ba sai kiɗan mutanen zamanin da. Can babban gogen ya ɗauko wata doguwar magana, ƙaramin ya karɓe ta bai bari ta faɗi ba, piyano na bin su a hankali kamar mai rakiya. Ba ganga, ba wurin taka rawa, kiɗan ya yi ta hawa yana neman mafita yana fasawa. A kashi na uku gogunan suka yi shiru, piyano ya rage shi kaɗai. Ya hau, ya hau, ya zo bakin sautin da kunne ke jira, sai ya tsaya. A cikin tsayawar har ana jin mai kiɗan ya ja numfashi. Sannan ya sauke yatsa a hankali.

Tasalla ta ajiye kofin shayi. Haka marigayi mijinta Malam Jatau yake yi in zai faɗi abin da ya dame shi: ya buɗe baki, ya riƙe, sannan ya faɗa. Shekara tara da rasuwarsa, ta ɗauka kewar ta tsufa tare da ita. Ta mayar da allura baya sau huɗu, tana kuka ba ta ɓoye ba.

Ta yanke shawarar wannan faifan ba zai shiga tukunya ba. Ta mayar da shi kwalinsa, ta saka shi daidai gurbinsa a kanta, don hannun da ya shekara talatin da ɗaya yana haka ba ya tambayar mai shi. Lif ya lalace tun watan jiya, ta hau matakala hawa uku zuwa ofishin Injiniya Barau, wanda ya ƙera Rariya.

"Sannu da ƙoƙari, Malama. Da kin aiko ai da na sauko."

"Barau, akwai faifan da nake so a cire daga layi. Kanta ta tamanin da shida, Horvel."

Ya taɓa allonsa, ya duba. "Ai kin dangwala masa tun Litinin."

"Na dangwala ban ji ba. Yau na ji."

"Malama, minti goma ke nan da aka gyara bel." Ya juyo mata da allon. "Ya riga ya wuce."

Ta nemi kujera ta zauna. Gwiwar ce ta fara ba ta haushi, sannan hannun da ya mayar da faifan, sannan yatsan da ya dangwala.

"Kada ki damu, ba abin da ya ɓata," in ji Barau, da gaske yake kuma. "Yana nan, ya ma fi da kyau. Kurakurai ɗari huɗu da sha biyu Rariya ta gyara masa."

"Na asalin fa?"

"Da muna da wurin ajiye na asali ai da ban ƙera ta ba."

Ya kunna. Sautin ya fito tas, ba ƙura, ba ƙarar kujera. A kashi na uku piyano ya hau, ya hau, ya faɗa kan sautin nan kai tsaye, ya wuce abinsa.

"Mayar da shi baya," ta ce.

Ya mayar. Ta miƙa yatsan da take dangwale da shi, da piyano ya zo bakin wurin ta danna tsayawa. Ofishin ya yi tsit. Ta ja numfashi, ta saki, sautin ya sauka.

Barau ya cire tabarau. Ya murza idanu. "Haka yake a faifan?"

"Kusan haka."

"Faɗa min tsawonsa, sai in sa ta mayar. Daƙiƙa ɗaya? Ɗaya da rabi?"

Tasalla ta rufe ido tana nema. A duk duniya ita kaɗai ta rage da ta ji wannan shirun, ko awa guda ba a yi ba. Ta sake gwadawa, ya yi tsawo. Ta kuma gwadawa, ya gaza.

"Ban sani ba, Barau," ta ce. "Na fara mantawa."

Daga ƙasa ana jin bel yana tafiya, Rariya ta shiga kanta ta tamanin da bakwai.