Ƙunar Hannun Gizlan

Shekarar ta ɓace mini, sunan malamin ma ya bi ta. Sauran dai ina riƙe da shi.

A Agmat, wani gari kusa da Marrakesh, Bushta yana tatsar man luwiza, ganyen nan mai ƙamshin lemon tsami, a gidan gadon da suke zaune shi da yayansa Layashi. Wata magariba matarsa ta juye tafasasshen ruwan tukunya a kwata, ba ta yi bisimilla ba. Gidan ya yi tsit. Sai tsakuwa ta faɗo tsakar gida, wata ta biyo ta. 'Yarsu Gizlan ta zube ƙasa tana magana da muryar da ba tata ba.

Layashi ya karɓi jinya. Kowa a sana'ar ya san tsuran man nan yana cin fata, shi ya sa ya ce ya sirka shi da man zaitun, ya tofa addu'a. Kullum da yamma yakan ɗauko kwalbar man ya shafa mata a hannuwa, da safe fatar ta tashi jawur, duk bororo.

"Shatin yatsun aljanu ne," in ji shi. "Ƙanena, kwashe iyalinka ka bar gidan nan. Ni tsoho, me za su ci a jikina?"

Bushta ya fara ɗaure kaya, amma matarsa ta nace a kira malami tukuna.

Malamin ya yi ta karatu har rana ta faɗi. Yarinyar ta ɗago kai a hankali.

"Me kake nema?" ya tambaya.

"Sun ƙona mini ɗa a kwata," muryar ta ce. "A bar ruwa ya huce, a ambaci Allah kafin a zubar, in tafi."

"An yarda. Kai ma ka daina ƙona musu tasu."

Muryar ta yi dariya ƙasa-ƙasa. "Haba Malam. Jifa nawa ne, ban musa ba. Ƙuna kuwa, a tambayi mai kwalba. Ni ba na neman gidan kowa."

Gizlan ta yi atishawa, ta kira uwarta.

Bushta ya juya ga mutumin da ya goya shi yana yaro. "Yaya?"

"Maganar aljani za ka kama?" Layashi ya ce, idonsa a ƙasa.

Bushta ya kwance kayansa, washegari ya fara ja katanga a tsakar gidan.

Ni ma ban so in kama maganar aljani ba. Daga baya uwar ta ba ni kwalbar, na kai wa wani tsohon mai turare a Marrakesh. Ya ɗiga a takarda, muka zauna har ya bushe, bai bar maiƙo ba. Babu ko ɗigon zaitun a ciki.