Ruwan Tafkin Alhaji Seidu

A tsugune Fadilatu take a bakin tafkin ninƙaya, 'yar kwalbar gwaji a hannunta, tana jiran ruwan ciki ya canza launi, alamar akwai kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta. Bai canza ba. 

"Sahibata, yaya?" Mutawakil, wanda za ta aura, ya sunkuyo kusa da ita. "Kin ga ruwa garau, har ƙasa ana gani."

"Me kuka zuba?"

"Alam. Baba da kansa ya sayo buhu guda."

Alam dai, wanda mata ke jefawa a randa ya kwantar da laka. Tanka ce ta kwaso ruwan daga dam, alam ya wanke masa fuska, ƙwayoyin cuta kuwa suna nan daram. Ga Sallah ta matso, yaran Yendi duk nan za su faɗo.

Ita ce duba-garin da aka turo daga Salaga, ita ke ba masaukai lasisi. Masaukin da tafkin yake ciki kuma na surukinta ne, Alhaji Seidu, mutumin da tun da aka yi baiko ba ta ƙara ɗaga ido ta kalle shi ba, ko sunansa ba ya fita bakinta.

"Sai an rufe, Mutawakil. Babu kulorin ko ɗigo."

"Bayan Sallah, rabin raina... Baba ya riga ya gayyaci mutane."

"Kafin Sallah."

A kan benci ta samu Alhaji, tare da abokansa 'yan kasuwar doya. Nan ta yi kuskuren da sai 'yar gidan tarbiyya ke yi. Maimakon ta ja Mutawakil gefe ya kai saƙon, sai ta cire takalmi, ta durƙusa har ƙasa kamar yadda aka koya mata, ta gaishe shi. A durƙushen nan, kanta a ƙasa, ta ce ruwansa ba zai shigu ba.



Da a tsaye ta faɗa, da gwamnati ce ta yi magana. A durƙushe kuwa, suruka ce ta ce wa suruki ruwansa ƙazanta ne, a gaban tsaransa.

"Tashi, 'yata," in ji Alhaji a hankali. "Allah ya yi albarka."

Ta tashi, ta ɗaure ƙofar tafkin da sarƙa, ta hau babur ɗinta.

Mahaifiyar Mutawakil dama Zuweira take so masa, 'yar ƙanwarta ta Bawku, sai ga dalili ya zo har gida. Mutawakil ya kira Fadilatu yana kuka.

"Ki zo ki ce kuskure kika yi, shi ke nan fa. Don Allah, masoyiyata..."

"Ban yi kuskure a ruwa ba."

Daga nan aka warware baikon. Ta so ta yi kukan ita ma, ta nema ta rasa. Ta ci gaba da zuwa aiki, tana leƙa banɗakunan masaukai, tana ɗaga katifu.

Bayan damina aka nemi ofis ya sake duba tafkin da gaggawa, kuma babu wanda za a tura sai ita. Mutawakil ne ya buɗe mata. Ya rame, hannunsa na warin kulorin.

"Har Tamale na je na koyo," ya ce. "Kullum da kaina nake gwadawa."

Ta ɗebi ruwa, ta ɗiga magani. Launi ya fito daidai yadda ake so.

"Me ya sa kuke sauri?"

Ya kalli ƙasa. "'Yan rakiyar amarya daga Bawku... a nan za su sauka. Da yaransu."

Ta zubar da ruwan, ta goge kwalbar da gefen mayafinta.

"Ruwan ya yi kyau, Mutawakil. Yaran su shiga."