Katifar Aurena a Labaran Talabijin

"Sondes, rabin raina, ki tsaya in yi miki bayani..."

Ban tsaya ba. Na danna wa Hichem, wanda zan aura, wayata a fuska, a gaban abokan aikinsa na gidan talabijin.

Babana ne a hoton, yana tsaye a tashar motar garinmu Sfax da katifa a kai. A ƙasa an rubuta: baƙin haure sun mamaye gari, a titi suke kwana.

Katifar aurena ce fa. Ta ulu, wadda mahaifin amarya ke zuwa da kansa ya karɓo daga wurin maɗinki. Saura kwana goma sha biyu bikinmu.

"Waye ya ɗauki wannan?"

Ya sunkuyar da kai. Shi ne mai ɗaukar hoton gidan talabijin ɗin, wa zai nuna?

Sai ga Ons, mai gabatar da shirin, wadda ta daɗe tana yi masa kwalliya a banza. Ta taho tana murmushi.

"Haba amarya, kuskure ne. Kin san mutanenku baƙaƙen fata da baƙin hauren nan, sai an lura sosai ake bambanta su."

Raina ya ɓaci, na juya kanta.

"Kakan kakan babana Mongi a ƙasar nan aka binne shi, a garin Gabes. Shekara talatin da huɗu Baba yana koyar da Larabci. Ke ma da ya koyar da ke da kin iya karanta labarai."

Tun ranar da aka nuna shirin, direbobi biyu sun ƙi ɗaukar Baba. 'Yan majalisa suna ta musu da hotonsa a bayansu, wannan ya ce a kori baƙin haure, wancan ya ce a ƙirga su tukuna. Mahaifiyar Hichem kuwa, wadda dama launin fatata bai taɓa kwanta mata ba, ta bugo tana cewa dangi sun gani.

Duk zan iya shanyewa. Ina son Hichem, har gobe ban musa ba. Fatana ɗaya, ya ce min Ons ce ta sace hoton daga na'urarsa.

Ya ja ni gefe, idonsa ya yi ja.

"Zan sa su nemi afuwa. Za a faɗa wa duniya ɗan ƙasa ne."

"Da ba ɗan ƙasa ba ne, shi ke nan ya halatta?"

"Masoyiya..."

"Ka san Baba ne, ka ɗauka?"

"Wallahi ban sani ba! Edita ya ce in kawo baƙaƙe masu kaya, minti biyu. Daga cikin mota na ɗauka. Ban duba fuska ba."

Shekara uku yana cin kuskus a gidanmu duk Juma'a, yana sumbatar goshin mutumin nan.

Na zare zoben baikonmu a hankali, na ɗora a kan kyamararsa.

"Sondes, ki dube ni..."

"Ni ai na dube ka, Hichem. Gobe in na goyo ɗanka na tsaya a tasha, kai ne ban san ko za ka gane mu ba."