Bindigar Da Ba A Saya Ba

"Kina jin tsoronsa?"

Safura ta ɗago kai da sauri har ɗankwalinta ya zame.

"Tsoro? Mijin nawa?"

'Yar sandan ba ta yi murmushi ba. Baturiya ce mai furfura daga sashen ba da lasisin bindiga, ta zo duba akwatin ƙarfen ajiye bindiga da mijin nata, Abdul-Hafiz, ya kafa a bangon ɗakinsu a unguwar Edmonton ta London. Ta jijjiga akwatin, ta gwada mukullin, ta sha shayi, sannan ta roƙi maigidan ya ɗan ba su wuri. Ya fita yana fara'a, wai zai sayo burodi.

"Bai taɓa ɗaga min hannu ba," in ji Safura. "Ko murya ba ya ɗaga min."

"Madalla. Saura tambaya ɗaya. Ya taɓa shiga wani hali da kika ji tsoron kada ya cutar da kansa?"



Amsar tana bakinta, sai dai akwai alkawari a kanta. Bara waccan wasu yara suka soki Yaya Awal da wuƙa a tashar bas saboda waya. Shi ne wan Abdul-Hafiz, shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Bayan jana'iza Abdul-Hafiz ya daina ci, ya daina zuwa aiki, ya koma zama a gefen gado yana kallon bango. Wata rana da la'asar ta dawo ta same shi cikin wani hali da har yau ba ta son tunawa. Abin da kawai ya ce mata shi ne, "Ki bar ni in bi shi, Safura."

Hajiya, mahaifiyarsa, ba ta yarda a kira likitan unguwa ba. A makon ta sa shi a jirgi sai Kano, aka haɗa masa da addu'a da rubutu da wani likitan kuɗi, aka ce wa mutanen London ya je duba fili. Kafin su tafi ta kama hannun Safura ta matse.

"Wannan sirrin gida ne. Turawan nan in suka rubuta maka hauka, har jikokinka sai sun karanta. Ki yi min alkawari."

Ta yi alkawarin. Wace suruka ce za ta kalli idon uwar miji ta ce a'a?

Ya dawo da sauƙi, amma kamar an rage masa wuta. Sai da wani abokin aikinsa ya ja shi bayan gari, inda ake cilla 'yan farantan laka sama ana harbi, sannan ta sake jin dariyarsa. Duk Asabar yana can. Daga baya ya ce ya gaji da bindigar aro, tasa yake so.

Tare suka je wani shagon sayar da bindigogi, a wani lungu kusa da Marylebone, wuri mai ƙamshin fata da man goge ƙarfe. Safura ta leƙa nan ta leƙa can, ta tambayi dattijon mai shagon cikin tsokana ina 'yan ƙananan nan na fim, waɗanda za su shige jakarta.

"Ba a ƙasar nan ba, uwargida," ya ce. "An hana su tuntuni. Ko doguwar ma ba mai fita da ita sai da lasisi. 'Yan sanda za su tambayi likitansa, su tambayi masu tsaya masa, su zo har gida. Wataƙila ke ma su tambaye ki."

"Ni? Ai ba ni zan harba ba."

"Amma ke za ki kwana gida ɗaya da ita. Kuma in shi kaɗai ke da lasisi, ko inda mukullin yake bai kamata ki sani ba."

Abdul-Hafiz ya yi dariya.

"Kin ji ko, Gimbiya? An samu abu ɗaya a gidan da ba za ki yi min bincike a kai ba."

Ya ɗora wata doguwa mai ƙota ruwan goro a kafaɗa, ya lumshe ido ɗaya. Fuskarsa ta haskaka kamar ta yaro ranar Sallah. Ita kuwa abin da take hangowa daban ne: akwati a ɗakinsu, mukulli a hannunsa shi kaɗai, ga watan da Yaya Awal ya rasu yana ƙaratowa.

"Ya kika gani, Gimbiya?"

Nan ne wurin magana, kuma nan ta yi shiru. Tausayi da kunya suka ɗaure mata baki, ta ce a ranta bari sai sun koma gida. A gida ta ce bari sai gobe.

"Ta yi maka kyau, Habibi," ta ce. "Wallahi ta yi maka kyau."

Yanzu ga 'yar sanda a gabanta tana jira, ga ƙarar motoci daga titi, ga shi kowane lokaci Abdul-Hafiz zai iya turo ƙofa.

"In na faɗa... za a kama shi?"

"Ba laifi ya yi ba. So muke kowa ya zauna lafiya, har da shi."

Hawaye suka zubo mata. Ta faɗi komai, da la'asar ɗin nan, da tafiyar Kano, da magungunan da ya daina sha ba da sanin kowa ba. Da ya dawo da burodin ta riga ta wanke fuska, har ta tambaye shi ko ya samu mai laushi.

Bayan 'yan makonni aka kira shi a waya yana cin tuwo. Tana kallonsa, lomar ta tsaya a hannunsa. An dakatar da maganar lasisi, kuma ana so ya ga likitansa game da jinyar da ya yi a Kano.

Ya ajiye wayar a hankali.

"Mutum uku suka san zancen Kano a ƙasar nan. Ni, da Hajiya..."

"Habibi, ka saurare ni..."

"Ke ce?"

Ta durƙusa a gabansa.

"Tsoro na ji! Wallahi tsoro na ji kada in rasa ka!"

"Kika ce ta yi min kyau." Muryarsa ko tashi ba ta yi ba, kuma hakan ya fi ihu ciwo. "A gaban mutumin nan kika ce ta yi min kyau. Kika taya ni zaɓen inda za a kafa akwati. Ina fita sayen burodi kika zauna da baƙuwa kika kwance min zani. Me ya hana ki faɗa min ni, Safura? Ni dodo ne?"

Gaskiyarsa ce, kuma ta sani.

Kafin magariba Hajiya ta iso, Zarah na biye da ita riƙe da jaka. Zarah 'yar ƙanwar Hajiya ce, wadda tun zuwanta karatu take zaune a gidanta, kuma tun ranar bikin Safura take yi wa ango kallon kayan da aka yi mata ƙwace. Yarinya ce mai ladabin gani-ido, ba ta taɓa faɗin mugun abu sai ta fara da "Allah Ya sa ba haka ba ne."

"Allah Ya sa ba haka ba ne, Mama," ta ce tana gyara wa Hajiya matashi, "amma na ji ana cewa matan nan in suna son su riƙe flat, haka suke fara yi. Su sa a yi recording ɗin miji a wurin police, shi ke nan ranar da aka rabu komai nasu ne."

"Zarah, ki ji tsoron Allah!" Safura ta ce.

"Ke kika ji tsoronSa?" Hajiya ta daka mata tsawa. "Hannunki na riƙe kika yi min alkawari! Ɗa ɗaya ya rage min, shi ma kin kai sunansa gaban hukuma a matsayin mahaukaci. Gobe wa zai ba shi aiki? Wa zai ba 'ya'yansa aure?"

"Hajiya, ransa nake..."

"Rufe min baki! Kin fi ni son ransa ne?"

Safura ta juya wurin mijinta. Kalma ɗaya take nema, ko da ta faɗa ce. Yana zaune ya haɗa kai da gwiwa, bai dube ta ba.

"Ki je gidan Anti Ajara," ya ce. "Na sake ki, saki ɗaya."

Anti Ajara ƙanwar mahaifinta ce, tana zaune a Abbey Wood, inda jirgin ƙasa ke ƙare tafiyarsa. Mace ce mai faɗa da tausayi a haɗe. Ta karɓi akwatin Safura, ta zuba mata abinci, sannan ta zauna ta wanke ta tas.

"Abin da kika faɗa wa Baturiya daidai ne, ko ni ce zan faɗa. Amma ke da mijinki kuna gado ɗaya, ki kasa buɗe baki? Kunyar me? Kunyar da ta kashe miki aure?"

"Anti, yana murna ne... na daɗe ban ga yana murna ba."

"To ga murnar nan."

Ta yi idda tana kallon waya. Duk jirgin da ya tsaya sai ta leƙa taga, ko zai fito da jakar nan tasa a kafaɗa ya ce ta tattara su koma. Ta aika saƙon ban haƙuri har ta gaji, yana karantawa ba ya amsawa. Anti Ajara ta je wurin Hajiya da kanta, aka bar ta a falo da Zarah da kofin ruwa. Idda ta cika ba wanda ya zo.

Sai da bazara ta shigo, wata Lahadi da hantsi, Abdul-Hafiz ya kira ya ce yana bakin tasha.

Ta fito ko hoda ba ta shafa ba. Yana tsaye da jakar littattafanta da ta bari, ya yi aski, kumatunsa sun ciko.

"Gimb..." Ya haɗiye sauran. "Safura. Kina lafiya?"

"Lafiya lau. Ya Hajiya?"

"Tana nan."

Suka zauna a benci, jakar a tsakaninsu.

"Likitan unguwa ya yi referring ɗina wurin wata likitar ƙwaƙwalwa," ya ce. "Da farko don in wanke kaina na je, in nuna musu ƙarya kika yi. Na zauna a gaban matar, ta yi min tambaya ɗaya a kan Yaya Awal, sai ga ni ina kuka kamar yaro. Har yanzu ina zuwa. Na koma shan magani. Aikina ma ba abin da ya taɓa shi."

"Alhamdulillah," ta ce.

"Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba sai ita, yanzu sai ke. Watan da Yaya ya cika shekara biyu, abin ya dawo min, ya fi na farko. Na buɗe akwatin nan na zauna ina kallon cikinsa, ba komai." Ya share ido da bayan hannu. "Da bindigar nan tana ciki, Safura, da takaba kika yi, ba idda ba."

Ta toshe baki da mayafinta, kuka ya ƙwace mata.

"To ka yafe min... Habibi, ka yafe min mu koma. Wallahi ba zan ƙara ɓoye maka ko ciwon kai ba."

Ya girgiza kai.

"An ɗaura ranar Juma'a, a Kano. Ni da Zarah. Lokacin da Hajiya ta kawo maganar ina cikin fushi na amsa, da na dawo hayyacina an riga an kai kaya. Ba zan iya sake karya wa Hajiya zuciya ba."

Ta so ta yi ihu, ta so ta ce Zarah ƙarya ta yi mata, amma me zai gyaru?

"Da na faɗa maka a shagon nan," ta ce a hankali, "da ka ajiye ta?"

"Ban sani ba. Wataƙila da na yi fushi na kwana biyu." Ya dube ta, karo na farko ido cikin ido. "Amma da daga bakinki na ji. Ni ma da na tsaya na saurare ki ranar nan... Mu biyu muka yi sake, Safura."

Aka yi sanarwar jirgi. Ya miƙe, ya tura mata jakar.

"Na gode da kika ceci raina," ya ce, ya juya da sauri.

Ta tsaya har jirgin ya ɓace, sannan ta ɗauki jakar ta hau gida. Anti Ajara na bakin ƙofa da ludayi a hannu, ta kasa zaune ta kasa tsaye.

"To? Me ya ce? Zai mayar da ke?"

Safura ta girgiza kai. Ta ajiye jakar, ta zauna a kan matakala, hawaye na bin fuskarta.

"Ya yi ƙiba, Anti," ta ce. "Yana cin abinci."