Kififiya da Duwatsu Masu Santsi

Hanne ƙanwata, kin tafi kin bar mini kififiyarki. Ga hikayar da ban samu na ba ki ba.

A can wani zamani an yi wata yarinya mai kififiya cikin akwatin gilashi. Saboda tsabar so, kullum sai ta zubar da ruwan akwatin, ta kankare duwatsun da ke ciki fes da soso, ta zuba sabo. Ta wanke, ruwa ya gurɓace. Ta sake wankewa, ya sake gurɓacewa. Har kififiya ta daina cin abinci.

Ta kai kuka wajen kakarta. Kaka ta ce, "Sannu uwar tsafta! Cikin santsin duwatsun nan akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke cinye ƙazantar kififiya. Kullum kina korar masu shara, yaya gida zai sharu?"

"To Kaka, in bar ta cikin dauɗa?"

"Ki riƙa rage ruwan kaɗan-kaɗan kina ƙara sabo. Duwatsu kuwa, ki ƙyale su."

Yarinya ta jira. Hannunta na ƙaiƙayi, ta ɓoye soso, ta jira. Ruwa ya ƙi washewa, ta jira. Wata safiya sai ga ruwa garau, kififiya ta miƙo wuya ta cafke ɗan kifi.

Hanne, ni ma tun da aka tashi zaman makokinki na ajiye soso. Yau da safe kififiyarki ta ci abinci. Ban faɗa wa kowa ba tukuna, ko Inna.